Tiyatar kyamara ta cire ƙarin mahaifa: hujin fata ƙarami ne, raunin mahaifa yana nan yadda yake

Asibitocin kuɗi a manyan birane, da wasu daga cikin asibitocin koyarwa, suna tallata cire ƙarin mahaifa ba tare da an farke ciki ba. Likitoci na kiran aikin lafaroskofi, majinyata kuwa suna cewa tiyatar kyamara ko tiyatar huji. Tallar kusan iri ɗaya ce ko'ina: huji uku ko huɗu a ciki, kwana ɗaya a gado, mako biyu ki koma harkokinki, ga shi babu tabo. Akwai gaskiya a maganar, mai yawa ma. Sai dai tallar a kan fata take magana, alhali aikin a jikin mahaifa ake yin sa. Ƙari mai faɗin santimita 8, kamar babban lemo, in aka ɓamɓaro shi yana barin rami daidai girmansa a naman mahaifa, ko ta huji aka shiga ko ta yanka. Wannan ramin shi zai ɗauki nauyin ciki nan gaba, don haka da shi muka auna aikin.

Ƙarin mahaifa, wanda ake ce wa faibroid, tsiro ne daga naman mahaifar kanta, ba ciwon daji ba ne. Ya fi kama baƙar fata, ya fi fito musu da wuri, ya fi kuma girma a jikinsu. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2003 ya nuna cewa kafin a kai shekara 50, sama da kashi 80 cikin ɗari na baƙaƙen mata suna da shi, fararen fata kuma kusan kashi 70. Da yawa daga cikinsu ba su ma san yana nan ba, kuma irin wannan ba ya bukatar wuƙa. Wanda ake cirewa shi ne mai sa jinin al'ada ya riƙa zuba guda-guda har mace ta ɗashe, ko mai danne mafitsara ya hana ta barci saboda fitsari, ko mai kumbura ciki har a riƙa yi mata barka, ko mai hana ciki zama.

Wa aikin ya dace da ita

Nan ne farkon inda ake gane asibitin kirki. A 2011 ƙungiyar likitocin mata ta duniya, FIGO, ta kasa ƙarin gida-gida da lambobi daga 0 zuwa 8 gwargwadon mazauninsa. Lamba 0 zuwa 2 su ne masu leƙowa cikin kogon mahaifa, inda jariri ke kwanciya. Lamba 3 da 4 suna binne a cikin nama. Lamba 5 zuwa 7 sun turo ta waje, na bakwai ma da wuya yake rataye kamar ɗan itace. Lamba 8 kuma na wasu wurare ne, irin bakin mahaifa.

Tiyatar kyamara ta ciki ta fi yin kyau a kan masu turowa waje da waɗanda ke cikin nama, in ba su yi yawa ba. Ma'aunin da yawancin likitoci ke bi shi ne babban kada ya wuce santimita 10 zuwa 12, adadinsu kada ya wuce huɗu ko biyar, mahaifar kuma kada ta kai cibiya. Ƙwararren da ya daɗe a hannu yana iya wuce wannan iyaka, amma duk santimita ɗaya da aka ƙara, lokaci da jini ake biya. Ƙarin da ya leƙo cikin kogo, lamba 0 ko 1, wanda bai wuce santimita 4 ko 5 ba, ba ya bukatar ko huji ɗaya. Ta gaba ake shigar da siririyar kyamara a kankare shi daga ciki, aikin da ake kira histaroskofi, kuma galibi ranar mace ke komawa gida. Duk wadda aka ce za a huda mata ciki saboda irin wannan ƙari shi kaɗai, ta nemi ra'ayin likita na biyu.

Matsalar ita ce matanmu da yawa ba sa zuwa da ƙari biyu ko uku. Tsoron tiyata, da tsoron kada a cire mahaifa, da shekarun da aka ɓata ana shan jiƙe-jiƙen da aka ce suna narkar da ƙari, su ke sa a iso asibiti da mahaifa kamar cikin wata shida, ƙari goma sha biyar ko ashirin, manya da ƙanana. Babu wani sassaƙe da aka tabbatar yana narkar da shi. Abin da ke sa ya motse da kansa shi ne ɗaukewar al'ada. Ga mai irin wannan mahaifa, farke ciki ya fi alheri, kuma dalilin a fili yake: ta huji likita yana gani ne kawai, ba ya taɓawa. A buɗaɗɗen aiki yana riƙe mahaifar a tafin hannu, ya murza da yatsa, ya ji 'yan ƙananan da suka ɓuya a cikin nama kamar tsakuwa a cikin tuwo. Kyamara ba ta jin tsakuwa. Sannan a buɗaɗɗen aiki ana ɗaure wuyan mahaifa da robar fitsari a tsayar da jini na ɗan lokaci, dabarar da likitocin Najeriya suka goge a kanta, mai arha kuma mai aiki. Likitan da ya dubi hotonki ya ce ke kam yanka ya fi miki, alhali yana da kyamarar a ɗakin tiyatarsa, ya ƙara daraja a idonmu.

Shiri kafin ranar aiki

Sikanin da aka yi a gurguje, takarda ta fito da layi ɗaya cewa akwai ƙari da yawa, bai isa a shirya tiyatar kyamara da shi ba. Ana bukatar taswira: guda nawa ne, kowanne santimita nawa, a gaba yake ko a baya, kuma nisansa da kogo nawa. Sikanin ta gaba ya fi na saman ciki nuna wannan. In ƙarin ya yi yawa, ko ana shakka, hoton MRI ya fi kowanne. Shi ne kuma yake rarrabe ƙari da wata cuta mai kama da shi, adinomayosis, inda shimfiɗar cikin mahaifa ke kutsawa cikin nama. Ƙari yana da iyaka, ana fiffige shi kamar yadda ake ɓare gyaɗa daga ɓawo. Adinomayosis ba shi da iyaka, likita zai yi ta yanka yana neman gaɓa bai samu ba. Matar da ta haura shekara 45 kuma jini yana zuba ba bisa ƙa'ida ba, a ɗebi ɗan naman cikin mahaifa a gwada tukuna.

Sai jini. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mace ta shekara tana zubar da jini, a auna a ga PCV ɗinta, wato ma'aunin yawan jini, 22 ko 24, sannan a sa mata ranar tiyata jibi, wannan ganganci ne. Abin nema shi ne a kai aƙalla 30, wato himogulobin 10, ta hanyar ƙwayar ƙarin jini na makonni ko kuma na ƙarin ruwa ta jijiya in ana sauri. A duba rukunin jini da jinotayif, a kuma tanadi jini leda biyu da aka riga aka gwada ta dace, tana cikin firjin asibitin kafin a fara. Alƙawarin cewa in bukata ta taso za a nemo bai wadatar ba.

Wasu likitocin suna ba da allurar tsayar da al'ada, irin Zoladex mai miligiram 3.6, sau ɗaya a wata har wata uku. Tana tsayar da jini ta ba jiki damar farfaɗowa, tana kuma rage girman ƙarin da kashi ɗaya cikin uku har zuwa rabi. Amma tana da nata cikas. Tana sa zufa da jin zafi kamar na mai ɗaukewar al'ada, tana tausasa ƙarin ya yi wuyar rabuwa da ɓawonsa, sannan ƙananan suna motsewa su ɓace wa ido, bayan wata shida su dawo. Ra'ayinmu shi ne a yi ta don gyara jini ko don babban ƙari guda ɗaya, kada ta zama ƙa'ida ga kowa.

Takardar amincewa da za a ba ki ki sa hannu tana ɗauke da abu biyu da ya kamata a karanta a natse, tare da maigida ko wanda zai tsaya miki. Na farko, in aiki ya gagara ta huji za a farke ciki nan take. Na biyu, in jini ya ƙi tsayawa har rai ya shiga haɗari za a cire mahaifar. Na biyun ba kasafai yake faruwa ba, amma asibitin da bai faɗa miki shi ba ya ɓoye miki wani abu. Abinci ana barin sa awa 6 kafin aiki, ruwa zalla kuma awa 2.

Yadda aikin ke gudana

Barci ake sa mace gaba ɗaya, da bututun numfashi a maƙoshi. Allurar baya irin ta tiyatar haihuwa ba ta isa ba. A sa robar fitsari, a kuma shigar da wani ɗan sanda ta gaba cikin mahaifa don mataimaki ya riƙa juya ta yadda likita ke so. Daga nan a hura iskar kabon dayoksaid cikin ciki har matsinta ya kai 12 zuwa 15 a ma'aunin na'urar, fatar ciki ta ɗaga kamar rumfa, a samu wurin aiki. Huji na farko mai milimita 10 a cibiya ake yi, nan kyamara ke shiga. In mahaifar ta yi girma, ko an taɓa yi wa mace tiyata ana tsoron hanji ya manne a ƙarƙashin cibiya, sai a shiga ta sama, ko ta hagu ƙarƙashin haƙarƙari. Sauran huji biyu ko uku masu milimita 5 ana yin su ana kallo a allo. Sai a karkata gadon kai ya yi ƙasa, hanji ya gangara ya ba da wuri.

Kafin a yanka ana yaƙi da jini. Ana tsarma maganin basofiresin, yunit 20 a cikin ruwan gishiri mililita 100 zuwa 200, a yi allurarsa kewaye da ƙarin. A allo za ka ga wurin ya yi fari fat cikin daƙiƙoƙi, jijiyoyi sun tsuke. Maganin yana da ƙarfi: in ya shiga jijiya kai tsaye yana iya rage bugun zuciya ƙwarai, har ya tsayar da ita. Shi ya sa ake ja da sirinji baya a tabbatar ba jini kafin a tura, kuma ake sanar da likitan barci da baki. Ana ƙara masa da tiranizamik asid giram 1 ta jijiya, wasu kuma su sa misofurostol ta gaba ko ta dubura kafin a fara.

Sai a tsaga naman mahaifa a kan ƙarin har sai farin jikinsa ya bayyana, a murɗa masa wani ƙarfe mai kama da sukurun buɗe kwalba, a riƙa ja ana fiffige ɓawon. In aka samu gaɓar daidai, yana fitowa da jini kaɗan. In aka kauce, jini ya cika wurin, kyamara ta dushe, sai likita ya koma ƙone jijiyoyi da lantarki. A nan ɓarna ta farko ke shigowa. Naman da aka ƙone da yawa ba ya haɗewa da kyau, ko da an ɗinke shi. Mai hannu yana tsayar da jini da zare, lantarki kaɗan yake taɓawa.

Ɗinkin shi ne zuciyar aikin, kuma shi ne mafi wuya. Ka ƙaddara tela ne aka ba shi allura a bakin sanda mai tsawon kamu ɗaya da rabi, aka ce ya ɗinke aljihu daga cikin tulu yana kallon talabijin. Ramin da ƙarin ya bari dole a rufe shi daga ƙasa zuwa sama, hawa biyu ko uku gwargwadon zurfinsa, ba tare da an bar wani kogo a tsakiya ba. In aka kama baki kawai aka ja, sama ta yi kyau a hoto, amma ƙasa jini ya taru ya daskare, wurin ya warke da siririn tabo. Shekara biyu bayan haka, ciki ya kai wata bakwai ko takwas, wannan siririn wurin ne ke iya ɓarkewa. Zare mai ƙaya, irin V-Loc da Stratafix, ya sauƙaƙa aikin sosai domin yana riƙe kansa ba sai an ƙulla ba, yana rage lokaci da zubar jini. Yana da tsada, kuma dole a datse wutsiyarsa gajere don kada ta kama hanji. Likitoci da yawa suna zuba shuɗin ruwa cikin mahaifa ta ƙasa: in ya ɓullo ta ramin, an san an shiga kogo, sai a ɗinke wannan shimfiɗar daban da siririn zare. Da shuɗin ruwan nan kuma ake ganin ko hanyoyin ƙwai a buɗe suke, riba ce babba ga mai neman haihuwa.

Saura fitar da ƙarin. Lemo ba ya bi ta hujin milimita 10. Hanyar da aka daɗe ana bi ita ce na'ura mai juyawa da ake kira mosaleta, tana feƙe ƙarin sala-sala ana zarowa. Matsalarta, ɓurɓushi yana fantsama cikin ciki. Wani ɓurɓushin yakan manne a hanji ko a bango ya ci gaba da girma. Mafi muni, a cikin 'yan ƙalilan ɗin mata abin da aka ɗauka ƙari ne ashe ciwon daji ne na naman mahaifa, kuma babu hoton da ke rarrabe su ɗari bisa ɗari. Wata likitar barci a Boston, Dakta Amy Reed, an yi mata aiki da wannan na'ura a 2013, daga baya aka gano daji ne kuma ya bazu. Ita da mijinta suka tsaya kai da fata a kan lamarin har ta rasu a 2017. A 2014 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi, inda ta ƙiyasta cewa kusan mace 1 cikin 350 da ake yi wa tiyatar ƙari tana ɗauke da ɓoyayyen dajin. Masana da dama sun ce adadin bai kai haka ba, musamman ga matasa, amma gargaɗin ya canja aiki. A 2020 hukumar ta ce in za a yi amfani da na'urar, to a cikin jaka ta musamman, kuma ban da matar da ta haura 50 ko al'adarta ta ɗauke. Hanyar da ta fi dacewa da asibitocinmu, a ganinmu, ita ce a jefa ƙarin cikin jaka, a ƙara faɗin hujin cibiya ko a yi 'yar tsaga ta santimita 3 zuwa 4 a mara, a jawo bakin jakar waje, a yayyanka shi da wuƙa a ciki. Tabon ya ɗan fi girma, amma ba abin da ya zube. Ƙananan kuma ana shirya su a zare kamar carbi ana ƙirgawa, don kada ɗaya ya ɓace a tsakanin hanji. Duk abin da aka ciro sai an kai ɗakin gwaji. Nuna wa dangi a roba ba ya maye gurbin sakamakon gwaji.

Aikin yana cin awa ɗaya da rabi zuwa uku, ya fi na yanka daɗewa.

Inda ya yi fice

A nan kam ba mu da ja. Nazarin da cibiyar Cochrane mai tace binciken likitanci ta tattara a 2014 ya nuna abin da duk ma'aikaciyar jinya ke gani a ɗakin kwanciya: in aka gwada da yanka, ciwo ya fi sauƙi, zazzaɓin bayan tiyata ya fi ƙaranci, kwanan asibiti ya fi gajarta. Da yamma mace na zaune tana kurɓar ruwa, washegari an cire robar fitsari tana takawa zuwa banɗaki a miƙe, ba a duƙe tana riƙe da mara ba. Kwana ɗaya ko biyu a sallame ta, maimakon uku zuwa biyar. Mai aikin ofis ko koyarwa tana komawa cikin mako biyu zuwa huɗu, mai yanka kuwa sai ta kai shida. Ga mai ƙiba ko mai ciwon suga, wadda dogon yanka ke iya ruɓewa ya buɗe, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Haka ma mai fatar da ke yin tudun tabo. Mannewar hanji da mahaifa ma yakan yi sauƙi, ko da yake tsagar da aka yi a bayan mahaifa tana jawo shi ta kowace hanya aka bi.

Abu guda da ke firgita mata in ba a faɗa musu ba shi ne ciwon kafaɗa, galibi ta dama, kwana ɗaya zuwa uku. Ragowar iskar ce ke taɓa tantanin da ke ƙarƙashin huhu, jijiyarsa kuma tana kai saƙo kafaɗa. Tafiya kaɗan-kaɗan da farasitamol suna maganinsa. Maƙoshi ma yakan yi kaushi saboda bututun numfashi.

Sauƙin nan yana da tarko. Ganin huji ya bushe cikin mako guda, sai gida ya ɗauka an warke, a bar mata daka da wanki da ɗaukar jarka. Jarkar lita 20 kilo 20 ce, alhali a makonni huɗun farko bai kamata ta ɗaga abin da ya wuce kilo 5 ba. Ban da gasa ciki da ruwan zafi irin na jego, ban da ɗaure shi tamau da zani. Kwanciyar aure a jira mako huɗu zuwa shida. Dangi su sani mahaifar tana buƙatar watanni, ko da fata ta rufe.

Abin da ke lalacewa

Jini ne kan gaba, shi ne kuma yawanci ke sa a koma yanka a tsakiyar aiki. Komawa yanka ba gazawa ba ce. Likitan da ya nace ta huji awa biyar don kada a ce ya kasa, shi ne abin tsoro.

Raunin hanji ya fi kowanne yaudara. In lantarki ya lashi hanji, ranar ba a ganin komai. Wurin yana mutuwa a hankali, ya huje bayan kwana uku zuwa bakwai, lokacin mace tana gida. Ƙa'idar mai sauƙi ce: bayan tiyatar kyamara kullum sauƙi ake samu, yau ta fi jiya. In ciwo ya juyo yana ƙaruwa, ciki ya kumbura ya yi tauri, ga amai, ga zazzaɓi da ya kai 38, iska ta daina fita, a koma asibitin da aka yi aikin a daren, kada a tsaya kemis. Haka in ruwa mai kama da fitsari yana ɗiga ta gaba, ko ƙugu ɗaya yana ciwo, mai yiwuwa an taɓa mafitsara ko bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda. Ƙafa ɗaya ta kumbura ko numfashi ya yi wuya, mai yiwuwa gudan jini ne a jijiya, shi ake tsoro ake sa safa mai matsi da allurar tsinka jini, ake kuma tayar da mace ta taka da wuri.

Akwai wanda ya shafi tsabtar kayan aiki. Ƙarafunan kyamara dogaye ne masu rami, in ba a kwance su an wanke ba, aka tsoma cikin ruwan magani na 'yan mintoci aka ɗauraye da ruwan famfo, wata ƙwayar cuta 'yar'uwar ta tarin fuka tana maƙalewa. Alamarta, huji ya warke lafiya, bayan mako uku ko huɗu ya kumbura ya fara tsiyayar ruwa, maganin ƙwayoyin cuta na yau da kullum kuma ya ƙi ci. Hujin da ya kai milimita 10 kuma, in ba a ɗinke tantanin ƙarƙashinsa ba, hanji na iya turowa daga baya.

Sai dawowar ƙari. Tiyata tana cire wanda ke nan, ba ta canja halin mahaifa. In aka bi mata da sikanin, kusan rabinsu ana ganin sabon ƙari cikin shekara biyar, duk da cewa waɗanda ke sake bukatar tiyata ba su kai haka ba ko kusa. Mai ƙari da yawa da mai ƙarancin shekaru su suka fi fuskantar haka. Matar da ta gama haihuwa, shekarunta sun ja, jini kuma ya addabe ta, ya dace a zauna da ita a yi maganar cire mahaifar gaba ɗaya, ko toshe jijiyoyin da ke ciyar da ƙarin, hanyar da likitocin Faransa suka fara wallafawa a 1995. Wani gwaji da aka yi a Birtaniya aka wallafa a 2020 ya nuna waɗanda aka cire wa ƙarin sun ɗan fi jin daɗin rayuwa bayan shekara biyu a kan waɗanda aka toshe wa jijiya.

Kuɗi da zaɓen asibiti

Aikin kyamara ya fi yanka tsada, kuma akwai dalili: na'urorin, iskar, zare mai ƙaya, jakar ciro ƙari, ƙarafunan da ake amfani da su sau ɗaya, da tsawon lokacin barci. Kuɗin da aka faɗa a waya sau da yawa na aikin ne kawai. A nemi a rubuce ko ya haɗa da gwaje-gwaje, jini, likitan barci, gwajin naman da aka ciro, kwanan da ya ƙaru, da abin da za a biya in an koma yanka. Mai inshorar lafiya ta tabbatar da amincewarsu a takarda kafin ranar. Farashin da ya faɗi ƙasa warwas kuma abin tambaya ne, domin wani wuri aka rage, kuma galibi a zare ne ko a wankin kaya ko a likitan barci.

Tun 1979 da likita Kurt Semm na birnin Kiel a Jamus ya bayyana wannan aiki, na'urori sun yi ta sauyawa, amma har yau sayen na'ura ya fi koyon ɗinki sauƙi. Likitan da ya saba cire ƙullutun ƙwai ko duba hanyoyin ƙwai ta kyamara ba lallai ne ya iya rufe rami mai zurfi ba. Don haka a tambaye shi kai tsaye, cikin ladabi: Likita, irin wannan aikin na ƙari guda nawa kake yi a wata? Hawa nawa kake ɗinkewa? Ta yaya za ka fitar da shi, a jaka ko a sake? Wa zai sa ni barci, likita ne? In wuta ta ɗauke, allon yana kan batir ko sai an tayar da janareta? In na dawo da dare wa zan samu? Wasu asibitocin suna kawo ƙwararre daga wani gari ya yi aiki ya tafi da yamma. Ba laifi ba ne, muddin akwai wanda zai iya buɗe ciki in wani abu ya taso ranar ta huɗu. Gani ya kori ji: yawancin na'urorin suna naɗar bidiyo, kuma mai yarda da ɗinkinsa ba ya jin nauyin nuna hoton mahaifar bayan an rufe.

Ga mai neman haihuwa, kada ta bar asibitin sai da rahoton tiyata a hannunta, wanda ya faɗi guda nawa aka cire, girmansu, a gaba ko a baya, hawa nawa aka ɗinke, kuma an shiga kogo ko ba a shiga ba. Ciki a jinkirta shi wata uku zuwa shida, wasu likitocin ma sukan ce fiye in ramin ya yi zurfi, kuma a yi amfani da hanyar tazara ta gaske a wannan lokacin, domin ciki na iya shiga tun watan farko. Ɓarkewar mahaifa bayan wannan aiki bai kai kashi 1 cikin ɗari ba, amma yana iya zuwa kafin naƙuda ta fara, kuma yana cin uwa da ɗa cikin ɗan lokaci. In an shiga kogo ko an yi tsaga mai zurfi, haihuwar ta tiyata ce, ana sa rana tsakanin mako 37 da 38 da 'yan kwanaki, ba a jiran naƙuda. Haihuwa a gida ba ta cikin lissafi, haka ma allurar ƙarin naƙuda a ƙaramin asibitin da ba shi da ɗakin tiyata. Ranar awon farko ta miƙa wa ungozoma rahoton nan, domin huji huɗun da ke fatarta sun riga sun dushe, kuma mai duba ta ba zai gane an taɓa yanka mahaifar ba sai an faɗa masa.